Yaran Lyndonville da ciwon gajiyar da ya ƙi tafiya

Lyndonville ɗan ƙauye ne a yammacin jihar New York ta Amurka, tsakanin biranen Buffalo da Rochester, kusa da bakin tafkin Ontario. Mutanensa ba su kai 1,000 ba. Yanki ne na manoma, gonakin tuffa sun kewaye shi. A shekarar 1985 likitan yara na garin, Dakta David Bell, ya ci karo da abin da ya ɗaure masa kai. Yara 7 suka kwanta da alamu iri ɗaya: ciwon maƙogwaro, kaluluwa a wuya, ciwon kai, ciwon ciki, ciwon tsoka da gaɓoɓi, ga kuma wata mutuwar jiki da ke hana yaro ko da zaman aji. Likitan yara ya saba da irin wannan, haka mura da zazzaɓi ke zuwa, su yi mako ɗaya ko biyu su tafi. Wannan kuwa zuwa ya yi ya zauna. Tun iyaye na cewa gobe zai koma makaranta, har aka daina ƙirga makonni aka koma ƙirga watanni.

Da aka waiwayi takardun asibiti, sai aka ga tsakanin Janairun 1984 da Disambar 1987 yara da matasa 46 ne suka faɗa wannan hali a yankin. Manya ma bai bar su ba. A lissafin likitan, idan aka haɗa manya da yara, mutum kimanin 200 ne. Gwajin jinin da aka saba yi bai nuna wani abin a zo a gani ba. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne likitan bai rufe fayil ɗin yaran ba. Ya yi ta bin su har suka zama manya, shekara 25 cur. Da wuya a samu wani rukunin yara masu wannan ciwo da aka bi tsawon haka.

Ciwon shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ME/CFS, ciwon gajiya mai naci. Yaron da ke buga ƙwallo, yana zuwa makaranta ba fashi, sai ya koma ba ya iya rabin abin da ya saba, a ɗauki watanni a haka. Ya kwana yana barci, ya tashi kamar bai runtsa ba. Karatu ya daina zama: ya kai ƙarshen shafi ya manta farkonsa. In ya daɗe a tsaye jiri ya ɗebe shi, ƙirji ya yi ta bugawa. Babbar alama, wadda ta raba shi da sauran cututtuka masu sa kasala, ita ce abin da ke biyo bayan wahala. Yaron zai iya cijewa ya je makaranta ranar Litinin, har a gan shi yana dariya da abokai. Talata ko Laraba sai jikin ya zube baki ɗaya, maƙogwaro da gaɓoɓi su dawo sabuwa, ya yi kwanaki a kwance. Wannan jinkiri na awa 12 zuwa 48 shi ke jawo wa mara lafiyar rashin yarda. Malami ya gan shi jiya da ƙafarsa, yau an ce ko tashi ba ya yi, sai ya ɗauka dabarar guje wa makaranta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi tun 1969, amma har yau babu wani gwajin jini guda da ke tabbatar da shi. Da alamu ake gane shi, bayan an kawar da sauran cututtukan da ke iya kawo irinsu.

A shekarar da yaran suka kwanta, hankalin likitocin Amurka yana kan ƙwayar cuta guda, bairos ɗin Epstein-Barr, mai haddasa zazzaɓin kaluluwa a jikin matasa. A farkon 1985 an wallafa rahotanni da ke cewa masu doguwar gajiya suna ɗauke da alamun wannan bairos da yawa a jininsu. A lokaci guda kuma, can wani ɓangaren ƙasar, a Incline Village da ke bakin tafkin Tahoe a jihar Nevada, likitoci biyu, Paul Cheney da Daniel Peterson, suna fama da tarin marasa lafiya masu alamu irin na Lyndonville. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tura masu bincike can. Abin da suka tarar ya kashe wa mutane da yawa gwiwa: gwajin bai iya raba mara lafiya da mai lafiya yadda ya kamata ba. Dalili a fili yake, sama da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna ɗauke da wannan bairos, don in ya shiga jiki ba ya fita. A 1988 aka ajiye sunan Epstein-Barr gefe, aka raɗa wa ciwon sunan gajiya mai naci.

Abin da aka tambayi ɗalibai

Bell da abokan aikinsa ba su jira wani ya zo daga birni ba. Sun raba takardar tambayoyi ga duk ɗaliban makarantun gundumar. Daga amsoshin aka gano ɗalibai 21 masu alamun ciwon, likita ya duba su ya tabbatar. Kowane ɗaya aka haɗa shi da ɗalibai biyu masu lafiya, sa'anninsa kuma jinsinsa, don kwatance. Sai aka shiga tambaya dalla-dalla. Akwai wani a gida mai irin alamun? Yaron yana da borin jini ko asma? Yana shan ɗanyar madara, ko cin ɗanyen ƙwai, ɗanyen cuku, ɗanyen nama? Daga ina ruwan gidan yake zuwa? Da me ake ɗumama ɗaki? Gidan yana kusa da gona ko lambu? Yana mu'amala da dabbobi?

Sakamakon ya fito a 1991, abubuwa uku ne suka yi fice: samun wani mai irin alamun a gida, shan ɗanyar madara ba da daɗewa ba, da tarihin borin jini ko asma.

Kowane daga cikin ukun yana da fuska biyu. A ɗauki batun 'yan gida ɗaya. Idan wa da ƙani suka kwanta da ciwo ɗaya, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta bi kofi da cokali ta tsallaka daga wannan zuwa wancan. Mai yiwuwa kuma jini ɗaya ne, sun gaji jikin da ke amsa cuta ta hanya ɗaya. Takardar tambayoyi ba za ta raba waɗannan biyu ba. An daɗe kafin a samu abin riƙewa a ɓangaren gado: a 2025 masu bincike a jami'ar Edinburgh suka fitar da sakamakon nazarin ƙwayoyin gado na marasa lafiya sama da 15,000, suka nuna wurare 8 da suka bambanta da na sauran jama'a, wasunsu sun shafi garkuwar jiki, wasu sun shafi jijiyoyi. Wannan bai kore batun kamuwa da cuta ba, sai ma ya nuna yadda biyun ke iya haɗuwa a gida ɗaya.

Madarar ita ta fi ɗaukar hankali, don ɗanyar madara hanya ce sananniya ta cututtuka: burusela, wadda makiyaya ke kira bakkale a jikin shanu, da zazzaɓin Q, da ƙwayoyi masu sa gudawa. Da an kama ɗaya daga cikinsu a jikin yaran da magana ta ƙare. Ba a kama ba. Sannan mutum 21 adadi ne ƙarami, ga shi an yi tambayar ne bayan ciwo ya riga ya kama. Uwar da ɗanta ke kwance wata da watanni ta riga ta bi duk abin da ya ci da abin da ya sha a zuciyarta sau ba adadi, ba za ta manta madarar maƙwabta ba. Uwar mai lafiya kuwa tana iya cewa a'a don kawai ba ta taɓa tsayawa ta tuna ba. Ina ganin binciken ya yi abin da ƙaramin bincike zai iya yi, ya nuna inda ya kamata a haƙa. Haƙar ce ba ta cimma ruwa ba.

Farautar ƙwayar cuta

Akwai lokacin da aka zaci an kama ɓarawon. Bell ya aika jinin yaransa zuwa cibiyar Wistar a Philadelphia, wurin wata masaniya, Elaine DeFreitas, wadda ke karɓar jinin manya daga wurin Cheney. A 1991 ta wallafa cewa ta ga ɓurɓushin wani bairos mai kama da HTLV-II a jinin mafi yawan marasa lafiyar. Wannan bairos dangi ɗaya ne da mai karya garkuwar jiki, kuma zamanin ne da cutar ƙanjamau ke tsakiyar tashe a Amurka. Sai a yi tunanin halin da iyaye suka shiga: ga tsoro, ga kuma wani irin sauƙi, don a ƙarshe wani ya ga abu a jinin ɗansu bayan shekaru ana ce musu lafiyarsa ƙalau. CDC ta sake gwajin, aka ɓoye wa masu aikin wane jini ne na mara lafiya, wane ne na mai lafiya. A 1993 ta sanar cewa gwaje-gwajen ba su iya bambancewa ba.

An maimaita irin wannan a 2009 da wani bairos mai suna XMRV, wanda mujallar Science ta buga labarinsa. Wasu marasa lafiya har sun fara shan magungunan ƙanjamau saboda shi. Daga baya ta bayyana cewa gurɓacewar kayan ɗakin gwaji ce, aka janye rahoton a ƙarshen 2011. Har yau ba a gano ƙwayar da ta kwantar da yaran Lyndonville ba.

Bayan shekara 13, bayan shekara 25

A 2001 mujallar Pediatrics ta buga abin da ya zama na yaran. Cikin 46 ɗin, an samu 35 sun amsa tambayoyi, mata 24, maza 11. Galibi suna wajen shekara 12 lokacin da ciwon ya kama su, yanzu kuma sun kai wajen 25. Mutum 13 suka ce sun warke sarai. Mutum 15 suka ce suna lafiya amma da saura. Mutum 4 suka ce har yanzu suna cikin ciwo, 3 kuma suka ce sun fi da jin jiki. Wato kashi 80 cikin 100 sun samu sauƙi, kashi 20 suna nan inda suke ko sun ƙara nutsewa.

Abubuwa biyu a rahoton sun fi waɗannan alƙaluma nauyi a wurina. Na farko, a tsawon shekarun nan babu ko mutum ɗaya da aka gano ashe wata cuta ce daban ke damunsa. Da kansa ce ke ɓoye, ko ciwon ƙoda, ko wata cutar jijiya, shekara 13 ta isa ta fito fili. Na biyu, makaranta. Yara 8 sun rasa sama da shekara 2 na karatu, kuma 5 daga cikinsu suna cikin waɗanda ba su warke ba. Gwargwadon karatun da yaro ya rasa, gwargwadon tsananin ciwonsa daga baya da kuma yadda ya ce ciwon ya taɓa zamansa da mutane. Shekara 2 a rayuwar ɗan shekara 12 ba ƙaramin abu ba ne. Sa'anninsa sun wuce aji biyu, sun yi sababbin abokai, sun daina leƙo shi. Ko jiki ya tashi daga baya, waɗannan shekarun ba sa dawowa.

A 2012 aka sake komawa, wannan karon tare da masu bincike daga jami'ar DePaul ta Chicago. An samu mutum 25 waɗanda aka tabbatar musu da ciwon kimanin shekara 25 baya. Mutum 5 suka ce har yanzu suna da shi, 20 suka ce sun rabu da shi. Da an tsaya a nan, da labari ne mai daɗi. Amma masu binciken sun auna su da ma'auni 23 na ƙarfin jiki, barci, ciwo, gajiya da makamantansu, suka kwatanta su da mutane masu lafiya. Waɗanda suka ce sun warke sun kasa kamo masu lafiya a ma'auni 21 cikin 23. A ma'auni 17 ma ba a ga wani bambanci na kirki tsakaninsu da waɗanda ke cewa har yanzu suna ciwo ba.

Ba ƙarya suka yi ba. Wanda ciwo ya kama yana ɗan shekara 12 bai taɓa sanin yadda cikakkiyar lafiyar babban mutum take ba, ba shi da abin da zai gwada kansa da shi. Ya zaɓi aikin da jikinsa zai ɗauka, ya saba kwanciya da wuri, ya saba ba da uzuri idan an gayyace shi fita, ya san in ya yi abu biyu yau gobe zai biya. Bayan shekaru wannan ya zama rayuwa, in an tambaye shi ya ce lafiya lau, yana kuma nufin hakan. Adadin mutanen kaɗan ne, ba a gina doka a kansa. Duk da haka ya isa ya sa likita ya daina gamsuwa da amsar "na ji sauƙi", ya tambayi me mutumin ke iya yi a wuni, me kuma ya daina yi.

Akwai wani adadi a rahoton 2001 da masu gaggawar ɗora komai a kan ƙwayar cuta ba sa son tsayawa a kansa. Cikin 35 ɗin, 8 ne kawai ciwon ya faɗo musu farat ɗaya, irin yadda zazzaɓi ke kamawa. Sauran 27 a hankali ya shige su, har ba a iya nuna ranar da ya fara. Taruwar marasa lafiya a ƙauye ɗaya cikin shekara 4, da yawansu 'yan gida ɗaya, ta yi kama da aikin cuta mai yaɗuwa. Amma kama ba hujja ba ce. Lyndonville ta yi tambayar da kyau, amsar kuwa sai a wasu wurare aka same ta.

Inda aka kama cutar tun daga farko

Matsalar Lyndonville ita ce an iso bayan an gama. Mafita ita ce a tsaya a ƙofar asibiti, a kama mutane ranar da gwaji ya tabbatar da cutar da suka kamu da ita, sannan a bi su.

Haka aka yi a Chicago. Likita Ben Katz da abokan aikinsa sun bi matasa 301 'yan shekara 12 zuwa 18 da suka yi zazzaɓin kaluluwa. Rahotonsu na 2009 ya nuna bayan wata 6, kashi 13 cikin 100 sun cika sharuɗɗan ciwon gajiya mai naci. Bayan shekara 1 saura kashi 7, bayan shekara 2 saura kashi 4, wato mutum 13, dukkansu 'yan mata. Ashe Epstein-Barr da aka sallama a 1988 yana da hannu, sai dai ba yadda aka zata ba. Ba zamansa a jiki ba ne matsalar, tunda kusan kowa na ɗauke da shi. Matsalar ita ce yadda wasu jikunan ke kasa komawa daidai bayan karon farko da shi.

A Dubbo, wani gari a jihar New South Wales ta Ostireliya, an bi mutum 253 da suka kamu da ɗaya daga cikin cututtuka uku: Epstein-Barr, zazzaɓin Q da ake ɗauka daga dabbobi, da bairos ɗin Ross River da sauro ke yaɗawa. Ƙwayoyi uku ne da ba su haɗa komai ba, ɗaya ma bakteriya ce. Bayan wata 6 kashi 11 cikin 100 sun faɗa ciwon gajiya, kuma adadin kusan ɗaya ne a cututtukan uku. Abin da ya nuna wa zai faɗa shi ne tsananin ciwon farko, ba jinsi ba, ba halin zuciya ba. An buga wannan a 2006. A birnin Bergen na Norway kuma, a 2004 ƙwayar gudawa ta jiyadiya ta shiga madatsar ruwan sha, gwaji ya tabbatar da ita a jikin mutum sama da 1,200. Bayan shekara 3, kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka amsa tambayoyi suna fama da doguwar gajiya, alhali a sauran mutanen gari kashi 12 ne. Waɗannan biyun galibi manya suka shafa, amma sun warware wani ƙulli: ba lallai a samu ƙwaya guda ba, ƙofofi da yawa ke kaiwa ɗaki ɗaya.

Saura zargin da ya fi ci wa marasa lafiya rai, cewa dama can masu raunin zuciya ne. Leonard Jason da Katz sun tari wannan ta hanyar ɗaukar bayanai da jinin ɗaliban jami'a 4,501 tun suna lafiya. Daga baya 238 suka yi zazzaɓin kaluluwa, 55 daga cikinsu suka cika sharuɗɗan ciwon bayan wata 6. Da aka koma bayanan farko, waɗanda suka faɗa ba su fi saura damuwa ko baƙin ciki ba kafin su kamu. Damuwar daga baya ta zo, bayan ciwon ya kwantar da su.

Sai dai dole a faɗi ɗaya ɓangaren, don kada kowace uwa ta ɗora hannu a ka duk lokacin da ɗanta ya yi zazzaɓi. A Landan, a shekarun 1990, an kwatanta masu zazzaɓin kaluluwa da masu mura ta yau da kullum, aka ga mura ba ta cika barin wannan ciwo a baya ba. A Birtaniya kuma akwai mutanen da aka haifa a mako ɗaya na 1946 waɗanda ake bin lafiyarsu tun suna jarirai. Da aka duba su sun haura 50, waɗanda suka ce suna da ciwon gajiya mai naci ba su fi saura yawan rashin lafiya a yarinta ba, ba su kuma fi su borin jini ko asma ba, abin da ya saɓa wa ɗaya daga cikin abubuwa ukun Lyndonville.

Idan aka jera waɗannan, ga abin da na ɗauka. Alaƙar gaskiya ce, amma tana da iyaka. Wasu cututtuka ne, idan sun zo da tsanani, musamman a shekarun balaga, kuma ciwon gajiyar yana biyo bayansu ne kai tsaye, mara lafiyar bai taɓa miƙewa sosai ba. Alƙaluman Norway na ƙasa baki ɗaya sun nuna ciwon ya fi kamawa a shekaru 10 zuwa 19, sai kuma 30 zuwa 39. Maganar cewa ƙyandar da yaro ya yi yana ɗan shekara 3 za ta kwanta shiru ta tashi da gajiya yana ɗan 30, bincike bai goyi bayanta ba.

Nan gida

Epstein-Barr ba baƙo ba ne a Afirka. A 1964 aka fara ganin sa, a ƙwayoyin kansar muƙamuƙi ta yara da likita Denis Burkitt ya aika Landan daga Yuganda. Bambancin shi ne lokacin kamuwa. Wani bincike a Accra a shekarun 1970 ya nuna wajen kashi 80 cikin 100 na jarirai sun kamu kafin su cika shekara 2, ba tare da alamun zazzaɓin kaluluwa ba. Sai kamuwar ta yi jinkiri zuwa balaga take zuwa da wannan zazzaɓi. Don haka hanyar da ta kwantar da matasan Chicago ba ta da faɗi sosai a wurinmu. Amma darasin Dubbo da Bergen shi ne hanyar ba ɗaya ba ce, kuma cututtukan ruwa, na sauro da na dabbobi ba su yi mana ƙaranci ba. Wani bincike da Mary Gloria Njoku da Jason suka buga a 2007 ya ƙiyasta cewa manya wajen 7 cikin 1,000 a Najeriya suna da ciwon. A Chicago, inda likitoci suke birjik, an tantance yara sama da 10,000 aka samu kashi 0.75 cikin 100 suna da shi, amma waɗanda likita ya taɓa gaya musu sunan ciwonsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Sai a ƙiyasta yadda abin zai kasance inda likita ɗaya ke duba layin da ba ya ƙarewa.

Yarinyar da ta yi zazzaɓi mai tsanani a makarantar kwana, ta dawo gida ba ta ƙara miƙewa ba, mun san hanyar da ake bi da ita. A ce maleriya ce da taifot, a yi allurai, a ƙara ruwa. Bayan wata a sake. In an gaji a ce ragwanci ne ko son jiki, ko a ce ba na asibiti ba ne. Gaskiya ne akwai abubuwan da dole a fara nema, kuma a nan su suka fi yawa: ƙarancin jini, sikila, tarin fuka, ciwon hanta, ciwon suga, ƙanjamau, matsalar ƙoda ko ta maƙoƙo, tsutsar ciki, rashin abinci mai gina jiki, da ciwon damuwa. Mafi yawan yara masu doguwar kasala amsarsu tana cikin wannan jerin, kuma ana maganinta. Amma idan an bi jerin ba a samu komai ba, ba shi ke nuna yarinyar lafiyarta ƙalau ba.

A Oktoban 2021 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Birtaniya ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta sabunta ƙa'idojinta. Ta ce a yara a fara zargin ciwon idan alamun sun kai mako 4, a tabbatar bayan wata 3. Ta janye shawarar da aka daɗe ana bayarwa ta ƙara motsa jiki a kai a kai bisa jadawali, saboda marasa lafiya da yawa sun ce ta ƙara kwantar da su. Ta kuma bayyana cewa babu maganin da ke warkar da ciwon a yanzu. Abin da ake yi shi ne yaro ya koyi iyakar ƙarfinsa ya tsaya cikinta, a yi maganin ciwon kai, rashin barci da jiri, makaranta kuma ta sassauta: rabin wuni, aikin gida, hutu a tsakiyar jarrabawa, ɗaga masa ƙafa daga wasanni da tsayuwar taron safe.

Batun jirin nan yana da wani abu da za a iya aunawa. A 1995 likitoci a asibitin Johns Hopkins, cikinsu har da Peter Rowe, sun nuna cewa da yawa daga masu ciwon jininsu na sauka idan aka tsayar da su na wani lokaci. A 1998 Bell da David Streeten na Syracuse suka ba da rahoton cewa jinin da ke zagaya jikin da yawa daga marasa lafiyar da suka auna bai kai yadda ya kamata ba. Gwajin da ya samo asali daga irin wannan aiki mai sauƙi ne. Yaro ya kwanta na 'yan mintoci a auna bugun zuciyarsa da hawan jininsa, sannan ya tashi ya jingina da bango minti 10 ana ci gaba da aunawa, da wani a kusa ko zai faɗi. A ɗan shekara 12 zuwa 19, idan bugun ya ƙaru da 40 ko fiye a minti ɗaya ya kuma tsaya a haka, ga jiri ga duhun gani, to akwai matsala a yadda jiki ke sarrafa jini a tsaye. Wannan kaɗai ba ya tabbatar da ciwon gajiya mai naci, amma ɓangare ne da ke jin magani, kama daga ƙara shan ruwa da gishiri bisa shawarar likita har zuwa ƙwayoyi. Agogo da na'urar awon hawan jini kawai ake buƙata, kuma ana samun su a ƙaramin asibitin unguwa.